Tsumman Baba

Babana mai fenti ne, amma kada ka kuskura ka ce masa mai shafe bango, sai ku ɓata. Shafe a wurinsa aikin kowa ne. Nasa aikin shi ne ya sa bango ya yi zurfi. A fara shafa launi mai haske a bari ya bushe, a ɗora mai duhu da aka tsinka, sannan tun yana ɗanye a murɗe tsumma a riƙa mirgina shi a kai. Tsumman ya ɗebe nan ya bar can, sai ka ga bangon ya yi laushi a ido kamar yadin da ya sha wanki.

Ni ce autarsa, kuma tun da na gama makaranta nake binsa aiki. Ni ke riƙe rola in shafa, shi ke biyo ni da tsumma. Na yi aure, na haihu, na yaye, ina nan da rolata.

"Hannu ɗaya ke gama bango, Auta," haka yake cewa duk sanda na roƙe shi. "Kowa da nauyin hannunsa. In biyu suka taɓa, sai an ga inda suka haɗu."

Gaskiya ce, ban taɓa musawa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne hannu ɗayan nan kullum nasa ne. Sai na huce a kan bangon ɗakin girkina, yau shuɗi gobe ruwan toka, har mijina ya ce yanzu in ya dawo gida sai ya sake duba ƙofa ko gidan maƙwabta ya faɗa.

Wata rana muna aikin falon wata mata, bango guda dogo, ba taga ba ƙofa, babu inda mutum zai tsaya ya huta ba tare da an gani ba. Mun shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, ina ɗora fenti ruwan ƙasa a kan ruwan madara, Baba na bina yana ɗan wake-wakensa. Mun kai wajen makunnin fitila ke nan sai na ji ya ce, "Wash!" Tsumman ya faɗi a kan jarida. Kafaɗarsa ta dama ce ta riƙe.

Ya ɗauka da hagu ya gwada, hannun ya ƙi.

"Baba, yana bushewa fa."

"Ina da ido."

Ɗanyen fenti ba ya jiran kowa. In bakinsa ya bushe, layi zai fito daga sama har ƙasa, sai dai a rufe bangon a sake daga farko. Baba ya dubi bangon, ya dube ni, ya yi tsaki, ya miƙo mini tsumman ya karɓe rolar da hagu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

"Kada ki danna kamar mai wankin tukunya. Juya shi mana! Ke, wa ya ce ki koma inda kika wuce?"

Haka ya yi ta mita har muka kai kusurwa. Ni dai hannuna kawai nake sauraro.

Ya fita wanke hannu, ya daɗe a waje yana murza kafaɗa. Da ya dawo sai ya tsaya bakin ƙofa ya ƙanƙance ido, na san mahaɗa yake nema. Ya taka a hankali yana bin bangon, ya wuce makunnin fitila bai lura ba, ya tsaya can gaba.

"Zo nan, Auta. Kin ga wannan? Haka ake so. Dubi yadda hasken ke leƙowa daga ƙasa, ba nauyi ba rama. Ranar da hannunki ya kai haka, ki zo mu yi magana."

Na dubi jaridun da ke ƙasa. Shi ma ya bi idona, ya hango tabon da tsumman ya bari a jarida lokacin da ya faɗi, can baya da inda yake tsaye. Ya dubi tabon, ya dubi wurin da ya yaba. Ya yi gyaran murya, ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba.

Ana haka matar gidan ta shigo da ruwan sanyi, ta tsaya da tire a hannu tana ta santin bangon.

"Kai, malam, Allah ya yi wa hannun nan albarka! Yaushe za ka yi mini ɗakin kwana?"

Baba ya karɓi kofi da hagu ya sha, ya nuna ni da haɓa.

"Tambayi mai aikin," ya ce. "Ni shafawa kawai nake yi."

Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na durƙusa ina tattara jaridu don kada su ga idona, na ce mata gobe da safe in Allah ya kai mu.