Bututun da Aka Goge

Raelene tana danna lambar mijinta karo na uku sai ga Merv ya turo ƙofar ofishin ruwa, karensa na biye da shi yana haki. Ƙarfe biyu na rana ne, amma hayaƙin wutar daji ya mayar da sararin Korrindale ja, iskar arewa tana ta jifan taga da busassun ganye.

"Sun kore mu daga gida," in ji shi. "Wai mu zauna a zauren gari mu sha shayi da biskit. Ni na ga nan ya fi sanyi."

Shekara arba'in Merv ya yi yana tonon bututun garin nan kafin ya ajiye aiki. Raelene ce ta kwashe tsofaffin zanensa masu tabon kofi ta zuba a kwamfuta, kuma tana alfahari da aikin, har da ɗan yi wa tsohon kallon wanda zamani ya wuce. Yanzu kowane bututu yana da lamba da shekaru a taswira, kuma taswirar ce motocin kashe gobara shida na 'yan sa-kai suke gani a kwamfutocinsu na hannu.

"Ina Gavin ɗin naki?"

"Yana Titin Tudu da mota ta huɗu, Baba. Ba ya ɗauka."

Merv ya sa tabarau ya duƙa kan allon. Titin Tudu hanya ɗaya ce shiga da fita, gidaje tara, da ɗigo uku shuɗaye, wato famfunan da mota za ta sake cika tanki. Ya daɗe yana kallo.

"'Yar nan, ina bututun da ya ratsa gonar Hanlon?"

"Wannan tsohon ƙarfen? Na goge shi da damina. Kwamfuta ta nuna bai haɗu da komai ba, ga shi yana yoyo. Su Darryl, ma'aikatanmu, suka je suka rufe bawul ɗinsa, wato makunnin ruwan, a watan jiya. Ko mutum ɗaya bai yi ƙorafi ba."

"Wa zai yi ƙorafi? Gidajen ai suna kan sabon bututu." Ya ɗora ɗan yatsa a kan ɗigon farko. "Famfunan nan uku ne ba sa kansa. Lokacin da muke shimfiɗa sabon, muka ci karo da dutse, kuɗin fasa shi babu, sai muka bar famfunan a kan tsohon. Muka ce sai baɗi mu haɗa su."

"Babu wannan a zanenka! Na duba kowace takarda!"

"To wa zan rubuta wa? Kowa ya sani." Ya cire tabarau. "Kowa a lokacin."

Tsoro zalla ya kama Raelene. Ta san lissafin, domin Gavin ya sha faɗarsa a teburin cin abinci: tankin mota ba ya wuce minti goma in ana feshi sosai, kuma ba wanda yake shiga Titin Tudu sai don ya ga shuɗin ɗigo a can ƙarshensa. In tanki ya ƙare, babu ko na jiƙa motar idan wuta ta tare hanya.

Ta kira ɗakin umarnin 'yan kashe gobara. Wata mata mai muryar gajiya ta ce za ta sanar ta rediyo, amma tun ɗazu mota ta huɗu ba ta amsawa, tudun yana tare magana. Raelene ta koma kan taswira, ta mayar da ɗigon uku ja, ta rubuta "babu ruwa", ta aika. Allon ya ɗan yi juyi, sannan ya nuna saƙon ya isa motoci biyar cikin shida. Ba ta buƙaci duba wacce ta rage ba.

"Yanke shi suka yi ko rufewa?" in ji Merv.

"Rufewa kawai."

"To a buɗe mana. Kira Darryl."

"Yana asibiti yana kula da janareta, can ƙetaren kogi. An rufe gada." Ta danna inda bawul ɗin ya kamata ya kasance. Fili ne fari fes. Da ta goge bututun, har da shi ya tafi.

Ta sauke dogon makullin ƙarfe na buɗe bawul daga bango, ta ɗauki na mota. Merv ya ɗaure karensa a ƙafar tebur, ya biyo ta yana ɗingishi. A waje toka na sauka a kan gilashi, motocin masu gudu duk sun fuskanci kudu da fitilu a kunne, tasu kaɗai ta juya arewa.

"Za ka gane wurin, Baba?"

"Ido rufe ma. Daga gindin babbar bishiyar turaren nan da ke kusurwar shinge, taki goma sha biyu gabas. Ba ta ɓacewa, tun daga titi ake hango ta."

Raelene ta san gonar Hanlon a hoton sama kamar tafin hannunta. Shekara biyu ke nan da sabon mai gonar ya sare bishiyoyin kaf, ya tuge shingen, ya shuka alkama. Ta dubi tsohon, yana ta ƙirga taki da yatsa a kan gwiwarsa. Ba ta gaya masa ba. Ta ƙara taka mota.