Ranar da Aka Bar Baba Ya Ci Nama

Tela tana tsaka da haɗa hannun riga aka ƙwanƙwasa ƙofarta. 'Yar maƙwabcinta Baba Direba ce, riƙe da leda mai ɗigar jini.

"Yaya, ki gasa masa," ta ce. "Ni ban iya ba."

Tela ta dubi ledar. Wannan yarinyar ce, tun da aka gano ciwon daji a hanjin ubanta, ta hana ko hayaƙin nama shiga ɗakinsa. Kullum ganye, wake da dafaffen kifi. Har gaisuwa ta taɓa daina yi wa Tela, don Baba ya roƙi tsoka ɗaya ta taga ta miƙa masa.

"Likita fa?"

"Ya ce a ba shi duk abin da yake so."

Tela ba ta ƙara tambaya ba. Ta hura gawayi a bakin ƙofa, ta jera naman a kan waya. Da ya gasu ta sa wuƙa ta kankare duk inda ya yi baƙi, kamar yadda take yi wa 'ya'yanta tun da ciwon nan ya shigo layinsu.

Ta zuba a faranti ta kai ɗakinsa. Baba yana jingine da matashi, agogonsa ya zame har gwiwar hannu. Ƙamshin ne ya buɗe masa ido.

"Tela, ina ƙonannen? Ke ma sun saye ki?"

"Baba, ka dai ci."

"Wata da watanni ina cin ciyawa kamar akuya, ko ƙaho ban fitar ba."

Ya ɗauki tsoka, ya ɗan ɓoye ta a tafin hannu kamar yadda ya saba. Sai ya ga 'yarsa tsaye a bakin gado, ba ta hana shi ba.

"Ke kika ce a kawo?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallonta.

"To," ya ce.

Ya sa a baki, ya yi ta tauna. Maƙogwaronsa ya motsa, naman bai wuce ba. 'Yar ta tara masa hannu ya zubar.

"Gishirin ya ji," ya ce wa Tela. "Ku ci mana, kada ya huce."

Suka zauna a gefen katifa, kowacce ta ɗauki guda. Tela ta tauna, ba ta ji ɗanɗanon komai ba.

Washegari da hantsi tana kan keken ɗinki ta ji salati daga gidan Baba. Ta ƙarasa layin ɗinkin, ta yanke zare, sannan ta ɗauki mayafi.

Ɗakin ya riga ya cika da mata. Ana naɗe katifa, wata ta ture farantin da ƙafa zuwa jikin bango don a sami wurin zama. Tela ta zauna kusa da farantin. Kitsen ya daskare, ya yi fari a kan sauran naman.