Kujerar Kefas

Wata bakwai motar Kefas soja tana ajiye a gindin mangwaro a Zuru, tun ranar da aka kawo gawarsa. Da matarsa Keziah ta yanke shawarar sayar da ita, ta yi ta danna rimot, ƙofa ko motsi.

"Batir ne ya mutu, Maman Joel," in ji Muntaka makanike. Ya zaro siririn makulli daga cikin rimot ɗin, ya buɗe.

Ta shiga ta zauna. Ƙafarta ba ta kai totur ba, don kujerar na nan yadda dogon mutumin ya bar ta. Muntaka ya miƙa hannu zai matso mata da ita.

"Bar ta haka," ta ce. "Ka ba mai sayen haƙuri."