Zoben Fistan Baffa Mala

Ina ɗaure jaka zan tafi tasha sai maƙwabcina Baffa Mala ya leƙo ta katanga, yana numfashi da ƙyar. Ya miƙo mini takardar likita a naɗe, da kuɗi jika ashirin da biyar na sefa a ciki. Ya ɗaga murya don matarsa, Goggo Maimuna, ta ji, ya ce in sayo masa maganin zuciya a Damagaram. Sannan ya juya takardar. A bayanta ya zana zobe da fensir, ya rubuta lamba.

"Wannan za ka sayo, Alasan," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "In an samu canji, sai maganin."

Manomin tattasai ne daga Tumur. Da suka gudo Diffa, ya bar gona da rumbu, amma ya ɗoro tsohon moton mahaifinsa, wato babur, a amalanke. Moton ya haura shekara arba'in. Gyaran injinsa ba sana'ar Baffa ba ce, abin da ya riƙe masa rai ne kawai. Ga shi an hana hawa moto a jihar baki ɗaya saboda masu kai hari. Ranar da jandarmomi suka shigo unguwa, suka tarar ya cire tayoyin, ya ɗora injin a kan kifaffen turmi. Ya ce musu wannan ƙarfe ne, ba moto ba. Suka yi dariya suka wuce.

Da can daga Maiduguri kayan gyara ke zuwa, a tsallako da su kogin Komadugu da araha. Da hanya ta rufe, sai sun zagayo ta Kano da Damagaram, kowane shinge ya ƙara musu kuɗi. Baffa ya sayar da tayoyin ya sayi karbireta. Ya sayar da tanki da sirdi ya sayi fistan. Moton ya ƙare, inji kaɗai ya rage, yana jiran zobban da ke riƙe iska a jikin fistan.

Ni tela ne, yadi na je saro a Damagaram, kuɗina kuma sun ƙare tun da hantsi. Mai kayan gyara ya ce zoben wannan tsohon inji kwali ɗaya ya rage masa, jika ashirin da uku. Na ce bara takwas ne. Ya ce to in koma bara in saya. A farmasi, maganin wata guda jika ashirin da biyu.

Sau uku ina kai da komo tsakanin shagunan biyu. Na san Goggo ce ta sayar da ɗaya daga cikin awakinta biyu aka samu kuɗin. Amanar wa ke hannuna, ta wadda ta sayar da akuya ko ta wanda zuciyarsa ke ciwo? Ban yi makaranta mai zurfi ba, ban kuma samu wanda zan tambaya ba. Na sayi zoben.

Da na dawo Goggo ta miƙo hannu. Na ce mata maganin ya yanke a Damagaram, sai wata mai zuwa. Ta ce Allah ya kai mu.

Kwana uku Baffa ya yi yana haɗa injin a gindin dogonyaro, ƙafafunsa a kumbure, yana hutawa bayan kowane noti. Tayar da shi ba ya yiwuwa, don ƙarar moto za ta kawo sojoji kafin a kashe shi. Sai ya cire buji, wato fulogi, ya toshe ramin da babban yatsa, ya ce in danna kik ɗin tayar da inji da hannu. Na danna. Iska ta ture yatsan, fuf.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Maimuna, zo ki ji. Yana numfashi."

"Shi dai ya samu," in ji ta daga bakin murhu.

Ya sa na danna sau bakwai, idonsa a rufe.

Ranar Juma'a da hantsi ya cika, kwana goma sha ɗaya da dawowata. Bayan sadakar uku Goggo ta kira ni tsakar gida. Kwalin zoben na hannunta, ta tsince shi ƙarƙashin matashinsa, da farashin a rubuce. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Ba zoben ba, Alasan. Shekara talatin na san mijina da ƙarfen nan. Da ka ce mini kuɗi ne ba su kai ba, da na sayar da ɗaya akuyar."

Ta saki kwalin ta shige ɗaki.

Na daɗe a tsaye. An lulluɓe injin da tsohon rawanin Baffa. Akuyar da ta rage tana ɗaure a jikin dogonyaro, ta miƙo wuya iyakar igiya, ta jawo kwalin, tana taunarsa a hankali.