Motar Manu Ta Daina Tari

Mutanen da wannan labari ya shafa huɗu ne: maƙwabcina Manu, tsohon direba, Rufa'i makanike, ɗan ƙanensa, Adama yayar Manu, makauniya, da ke Sukukutane, sai ni, Issa.

Ranar Talata da hantsi na iske Rufa'i ya toshe bakin salansa, wato bututun hayaƙi, da tsumma, ya kara tiyo a kunne yana bin injin tsohuwar motar Manu. Manu yana kwance a tabarma ƙarƙashin itacen bedi, numfashi yana yi masa wuya. Likitan Dogon Dutsi ya sallame shi, ya ce a nisanta ƙirjinsa da hayaƙi. Shi kuwa burinsa ɗaya: ya isa wurin Adama da ransa. Motar tana yoyon hayaƙi daidai inda bututu ya manne da inji, kuma hayaƙin cikinta yake shiga.

Na ce, "Manu, mu ɗauki wata mota mana."

Ya ce, "Issa, shekara talatin ban shiga garinmu cikin motar wani ba. Yanzu zan fara?"

Rufa'i ya ce, "Baba, ga wurin nan, duk ya yi baƙi. Faifan tsakani ya cinye."

"To, ajiye sifana. Zuba ma notunan man birki, ka bar su su kwana. Tsatsa tsohuwa ce, ba a tashinta da ƙarfi."

"Baba, lokaci fa."

"Kai ka san lokaci? Ka ji mini ɗan zamani!"

Rufa'i ya dubi yadda ƙirjin baffansa yake hawa da sauka, bai iya jira ba. Noti uku suka kwance lafiya, na huɗu ya karye a cikin inji. Ya zauna a ƙasa, ya dafe kai.

Manu ya ce, "Tashi, ɗana. Ni ma na taɓa karya ɗaya a hanyar Tibiri. Huda shi a hankali."

Kwana biyu aka yi ana fitar da guntun, sannan aka sa sabon faifai. Ranar Juma'a da safe aka tayar da mota. Manu ya rufe ido ya saurara, sannan ya ce, "Ta yi. Ku ɗauke ni."

Na zauna a baya, kansa a kan cinyata. Muna hango rumbunan Sukukutane ya yi kalmar shahada, hannunsa ya saki nawa.

Adama tana zaune a ƙofar gida. Rufa'i ya kashe mota, ya yi sallama.

Ta ce, "Su wa ke nan? Wagga ba motar Manu ba ce. Tasa tun daga bakin gari nike jin tarinta."

Ta tashi, ta bi jikin motar da tafin hannu har tagar baya, ta sa hannu ciki, ta sami fuskarsa. Ta gyara masa hula.

Haka na gani, haka na rubuta. Inda na yi kuskure, wanda ya fi ni sani ya gyara mini.