Kwana Goma Sha Ɗaya a Kowane Gida

Arlene Haugtun ta ɗaga murfin tukunyar, tururi ya bugi fuskarta, ta kau da kai. Shekara arba'in tana dafa wannan kifi da ake jiƙawa a ruwan toka, duk ranar walimar cocinsu, amma yau ne warinsa ya fara damunta. Ya yi luguf yana rawa a cokali kamar majina.

Wasiƙar tana aljihunta. Wata takwas ta yi tana bin asalin Torkel, kakan babansu da ya zo Minnesota daga Norway, domin yau za a kafa allon tunawa da shi a bangon cocin da ya gina, ita ce kuma za ta karanta tarihinsa. Jiya amsa ta iso daga matar da ke kula da tsofaffin littattafan coci a can Norway.

Yayanta Orville ya leƙo kicin ɗin da ke ƙasan cocin, rigar sanyi ta ɗame masa tumbi.

"Sarauniyar bincike! An gano mana gonar tamu ta Haugtun? Kadada nawa?"

"Ba ta Torkel ba ce. Barantaka ya yi a can. A zamaninsu duk wanda ya zauna a gona sunanta yake ɗauka, ko da shi ke kwashe kashin shanu."

Orville ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai ya fi armashi! Daga kwasar kashi zuwa gina coci. Ki sa wannan."

"Akwai maganar uwarsa."

"Ta rasu kafin ya baro Norway. Haka Baba ya ce."

"Shekara tara ta yi a raye bayan tahowarsa. Ragnhild sunanta, makauniya ce." Arlene ta goge hannu a tawul. "Da ba mai riƙe ta, sai aka sa ta a zagaye, yadda suke yi wa marasa kowa. Kowace gona ta ciyar da ita kwana goma sha ɗaya, sannan a ɗora ta a keken doki da ƙunshin kayanta a kai wa na gaba. A rumbun ciyawar wani gida ta mutu. Sau biyu faston garin ya rubuto wa Torkel. A gefen littafin ya rubuta: ba amsa."

Orville ya tsinci dankali a faranti ya jefa baki, yana tauna yana kallonta. Man shanu ya gangaro masa a haɓa. Ta ji kamar ta kwaɗa masa ludayi.

"Haba Arlene. Mutum ɗari da sittin ne a sama, har da jikokina. An riga an sassaƙa allon. Matar da ta shekara ɗari da arba'in a ƙasa, yau za ki tono ta ki ɓata wa mutane abinci?"

"Abincin ai dama a ɓace yake."

"Karanta abin da aka saba ji, kowa ya tafa a watse." Ya juya zai fita, ya dawo. "Af, kafin in manta. Gobe ba zan iya karɓar Mama ba, muna gyaran banɗaki. Ki kai ta wajen Marlys ta yi makonta biyu, in ya so mu yi musanya."

Arlene ta buɗe baki za ta wanke shi tas. Sai ta tuna takardar rabon kwanakin riƙon Mama da ke manne a jikin firjinta, mai launi uku: nata, na Orville, na ƙanwarsu Marlys. Ita ta zana ta da hannunta bara, bayan Mama ta faɗi a matakala. Akwatin Mama kuwa tun da safe yana bayan motarta, alhali sai gobe kwanakinta za su cika. Ta ƙosa ne ta buɗe tagogin ɗakin da Mama ke kwana ya sha iska. Duk makon nan ƙirge take yi a zuci: saura uku, saura biyu.

Ta rufe tukunyar. Warin bai tafi ba.

A sama an cika tebura, ana ta hayaniya. Mama tana can ƙarshe a keken guragu, an ɗaura mata ƙyalle a wuya, ba wanda ya yanka mata abincin. Arlene ta zauna ta fara mutsuttsuke mata dankali da cokali.

"Arlene," in ji Mama a hankali, kamar mai tambayar abin kunya, "gobe wajen wa nake?"

"Wajena."

"Ba Orville ba? Na ga kin haɗa akwatin."

"Zan kwance shi."

"Har yaushe?"

Kafin ta amsa, fasto ya buga cokali a jikin kofi ya kira sunanta. Orville ya ɗaga mata gira daga can. Arlene ta miƙe, ta bar takardar jawabin a gefen farantin Mama, ta zaro wasiƙar daga aljihu.