Ɗigo a Ƙofar Rini

"Tsaya nan!" Inna Balkisu ta daki kafaɗar mai keke. "Ummul, ɗigon ya motsa?"

Ummulkhairi ta duba ɗigon da ke kan taswira a wayarta. "Bai motsa ba, Inna. Gidan nan ne."

Suka sauka a wani lungu na Ƙofar Rini, su biyu da ɗan sandan da Inna ta jawo daga ofis kusan da ƙarfi. Gida ne mai sabon fenti, takalman mata zube a zaure, guɗa na tashi daga ciki.

Kwamfutar da suka biyo ita ce ta biyu da Inna ta saya wa 'yarta Ummul. Ta farkon an ɗauke ta bara a ɗakin ɗalibai, kowa ya ce wa Inna ta yi haƙuri, har ta tsani jin kalmar. Da aka sayi wannan, sai ta tasa Ummul a gaba har shagon Siddiƙu mai gyara. Ita ba ta yi boko ba, amma ta ji a rediyo ana sa wa mota abin da ke faɗin inda take. Siddiƙu ya kwance bayan kwamfutar, ya manna wani abu kamar murfin kwalba kusa da batir, ya mayar da kusoshi. Shekaranjiya wasu a kan babur suka fizge jakar Ummul a hanyar Dundaye. Aikinta na kammala jami'a yana ciki, ranar Litinin za ta miƙa. Filashin da ta adana kwafi ma yana aljihun jakar.

Ɗan sandan ya kalli "Ba shiga" da aka rubuta a bango, ya sosa ƙeya.

"Hajiya, mata ne cike. Sai an nemo maigida, a samo takarda."

"Kahin ka samo ta an goge aikin ɗiyata. Kai anka hana, ba ni ba. Tsaya nan ka yi gadin takalma."

A tsakar gida lefe ake buɗewa. Akwatuna jere a kan tabarma, wata dattijuwa da ake kira Gwaggo Sadiyatu, ƙanwar uban amarya, tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana guɗa. Dangin ango Mansur na gefe, yayarsa Jamila ce mai bayani. Aka amsa sallamar Inna, har aka matsa mata wuri, an ɗauka 'yar biki ce.

Ba ta zauna ba.

"Danna," ta ce wa Ummul, tana nuna wurin da ake taɓawa a wayar don abin Siddiƙu ya yi kuka.

"Inna, mutane..."

"Na ce danna!"

Da farko ba a ji komai ba saboda surutu. Can sai wani siririn kuka ya taso, tsit-tsit-tsit, kamar ɗan tsako. Mata suka fara duba jakunkunansu. Inna ta bi kukan, ta tsallake atamfofi, ta durƙusa gaban ƙaramin akwati, ta yaye leshi. Ga kwamfutar nan cikin sabuwar leda, har an ɗaura mata kintinkiri.

"Ke baiwar Allah, mi ne ne haka?" Jamila ta miƙe. "Sabuwa ce dal! Daga Kano anka kawo ma Mansur ita, don amarya 'yar makaranta ce."

"Sabuwar ce ka kukan uwarta?"

Abin ya ci gaba da kuka. Gwaggo Sadiyatu ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, don Allah mu shiga ɗaki. Ki rufa muna asiri."

"Ni wa ya rufa min? Gwiwar ɗiyata ga ta nan, duba yadda sunka ja ta bisa kwalta. Nan za a buɗe."

Ummul ta yage ledar, ta danna. Fuskar kwamfutar ta daɗe baƙa. Inna ta ranƙwafo tana leƙawa. Sai haske ya kawo, Ummul ta sa lambobinta, ta buɗe wani abu, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa. Ta zube a tabarma ta rufe fuska.

"Yana nan, Inna. Duka."

Inna ta karɓi kwamfutar, ta naɗe a mayafi, ta ɗaure a ƙugu tamau.

"Wallahi saye ya yi," in ji Jamila.

"To, ɗan sanda na ƙofa. Mansur ɗin shi zo shi nuna wanda ya saida mai."

Inna ta kai bakin zaure, sai ta juyo ta nuna waya da agogon da ke saman babban akwati.

"Tamu dai tana da baki. Waɗancan ba su da shi."

Gwaggo Sadiyatu ta daɗe tana kallon sarƙar da ke hannunta. Ta mayar da ita a hankali, ta rufe akwatin.

"A kira min baban amarya," ta ce.